Fedora ta shimfiɗa mini Btrfs, Debian kuwa ext4: me ya kawo bambancin, kuma wanne zan riƙe?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta kwana biyu tana damuna, na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani da in ci gaba da zato. Kusan shekara shida ke nan ina amfani da Debian, ɗaya daga cikin manhajojin Linux, a tsohuwar kwamfutata, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa tambayar kaina wane irin tsarin fayil ne, wato hanyar jera bayanai a kan faifai, ke riƙe da ajiyata ba, domin manhajar girkawa ce ta zaɓa mini ext4, ni kuwa na amince na wuce. A makon jiya na sami sabuwar laftof na ɗora mata Fedora Workstation, sai bayan na gama na duba faifan na tarar ashe Btrfs aka shimfiɗa mini, in ban da ɗan yankin /boot, inda kayan tayar da kwamfuta suke, da aka bari a kan ext4. Da na ƙara dubawa sai na ga openSUSE ma Btrfs take bayarwa, Red Hat Enterprise Linux (RHEL) tana bayar da XFS, Ubuntu da Linux Mint kuma suna nan a kan ext4, alhali dukkansu kenel ɗin Linux ne a ƙarƙashinsu, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'urar.

Tun da ruwa ba ya tsami banza, ina son in san dalilin da ya sa masu manhajojin nan suka rarrabu haka a kan abin da na ɗauka an daɗe da gama magana a kansa. Sannan akwai abin da ya fi tayar mini da hankali: idan wata rana Debian ita ma ta sauya zaɓinta, shin ɗaukaka siga zai juya mini faifan tsohuwar kwamfutar ba tare da sanina ba? Har yanzu ban kwashe kayana zuwa sabuwar ba. Akwai rubuce-rubucen aiki, da hotunan shekaru masu yawa, da kwamfutocin kwaikwayo guda biyu, wato waɗanda ke gudana a matsayin manhaja a cikin wata kwamfutar, da nake gwaje-gwaje a cikinsu. Idan komawa ext4 ya fi, yanzu ne lokacin da sake girkawa ba zai ci mini komai ba sai awa ɗaya.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da ya fi damunka, domin amsarsa gajera ce: ɗaukaka siga ba ya taɓa tsarin fayil ɗin da ke kan faifanka. Lokacin da Fedora 33 ta fito a watan Oktoban 2020 da Btrfs a matsayin zaɓin farko na kwamfutocin tebur da laftof, duk wanda ya ɗaukaka daga Fedora 32 ya wayi gari a kan ext4 ɗinsa yadda ya bar shi. Sabon zaɓin ya shafi wanda ya girka daga tushe ne kawai, shi ma idan ya bar manhajar girkawa ta raba masa faifan da kanta. Akwai wata manhaja mai suna btrfs-convert da ke juya ext4 zuwa Btrfs a inda yake, amma babu mai kunna maka ita sai kai da hannunka. Kamfanin Apple ne ya yi irin abin da kake tsoro a 2017, sa'ad da ya juya ajiyar wayoyin iPhone da ta kwamfutocin Mac masu faifan SSD zuwa sabon tsarin fayil ɗinsa na APFS a cikin sabuntawa, kuma ya iya yin haka ne saboda shi ke ƙera na'urorin, ya san abin da ke cikin kowace ɗaya. Masu Debian da Fedora ba su san irin faifan da manhajarsu za ta hau ba, don haka ba sa taɓa abin da ya riga ya zauna.

Bambancin tsare-tsaren kuwa yana cikin yadda kowannensu ke rubutu. Idan ka gyara fayil a kan ext4, sabon rubutun kan tsohon yake hawa a gurbinsa, sai dai akwai littafin rajista da ake fara shigar da canje-canjen tsari a cikinsa, wato sunayen fayiloli da girmansu da inda suke kwance, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a iya daidaita lissafin cikin daƙiƙoƙi. Shi kuwa Btrfs ba ya rubutu a kan tsohon gurbi. Yana kai sabon bayanin wani wuri da babu komai, sai rubutun ya kammala sannan ya juya manuni zuwa gare shi. Daga wannan ɗabi'a ɗaya yawancin abubuwan da ake yabonsa a kansu suka fito. Tun da tsohon bayanin yana nan bai goge ba, ana iya cewa a riƙe shi, shi ke nan an sami hoton yanayin faifan na wannan lokaci, abin da masu sana'ar ke kira sinafshot, wanda ake ɗauka cikin ƙiftawar ido kuma ba ya cin wuri sai fayilolin sun fara canzawa. Haka kuma Btrfs yana haɗa kowane guntun bayani da lambar tantancewa, yana duba ta duk lokacin da aka karanta. A kan ext4 bayanan tsari kaɗai ke da irin wannan lamba, saboda haka idan faifai ya lalata tsakiyar ɗaya daga cikin hotunanka, ext4 zai miƙa maka shi a lalace bai ce komai ba, kai kuma ka kwafe lalataccen zuwa ajiyarka ta kariya ba ka sani ba. Btrfs zai ƙi karanta wannan guntun, ya gaya maka an sami matsala.

Sai dai abin da ya fi jan hankalin masu Fedora wani abu ne mai sauƙi ƙwarai. A tsohon tsarinsu ana yanka faifan laftof gida biyu a kan LVM, manhajar rarraba faifai, ɗaya na manhajoji wato /, ɗaya na kayan mai kwamfutar wato /home, kuma sau da yawa na manhajojin sai ya cika maƙil, sabuntawa ta ƙi shiga, alhali ga ɗaruruwan gigabait a kwance a ɗaya gefen. A Btrfs, / da /home rassa ne biyu da ke ɗiba daga tafki ɗaya, kowanne ya ɗauki abin da yake buƙata. Da Fedora 34 ta zo a 2021 sai aka ƙara matse bayanai da zstd tun daga girkawa, wanda ke rage wurin da fayiloli ke ci da kuma yawan rubutun da ke sauka a kan SSD. SUSE da openSUSE sun riga Fedora da shekara shida, tun 2014, su kuma manufarsu daban ce: sun haɗa Btrfs da Snapper, manhajar sarrafa hotunan yanayi, ana ɗaukar hoto kafin kowace sabuntawa da bayanta, idan abu ya ɓaci mutum ya tashi kwamfutar daga hoton jiya tun a allon GRUB da ke fitowa yayin kunna kwamfuta. Ka lura da wannan, domin Fedora ba ta shirya maka hakan ba. Kayan aikin suna nan, amma kai za ka haɗa su.

Dalilin rarrabuwar, a ganina, ba ya rasa nasaba da wanda zai amsa waya idan faifan wani ya ƙi tashi. Red Hat ta koma XFS a RHEL 7 a 2014, ta sanar da janye hannunta daga Btrfs a 2017, ta cire shi gaba ɗaya daga RHEL 8 a 2019. Kamfani ne da ke yi wa abokan cinikinsa alkawarin kula da siga ɗaya har shekara goma, kuma ƙwararrun da yake da su a gida na XFS ne. SUSE kuwa ita ke ɗauke da David Sterba, mai kula da Btrfs a kenel. Chris Mason, wanda ya fara rubuta Btrfs a Oracle a 2007, daga baya ya koma Facebook, inda ake gudanar da sabobi masu yawan gaske a kansa, kuma Josef Bacik, wanda a lokacin yake aiki a can, yana cikin waɗanda suka sa hannu a shawarar da aka gabatar wa Fedora. Ita kanta Fedora ba baki ɗaya ta yi ba, domin sigarta ta sabar har yanzu XFS take bayarwa. Shawarata ita ce ka bar laftof ɗin a kan Btrfs.

Mai Gadin Sabar ta amsa:

Malam Tsohon Hannu ya yi bayani mai kyau, kuma ban da ja a kan tarihin da ya kawo, amma ya bar rabin labarin, rabin kuwa shi ne ya shafi kwamfutocin kwaikwayon da ƙanenmu ya ambata. Wannan ɗabi'a ta rubutu a sabon gurbi tana da nauyinta. Faifan kwamfutar kwaikwayo ƙaton fayil ne guda ɗaya da ake yi wa ƙananan rubuce-rubuce a tsakiyarsa dubbai a cikin awa, haka ma fayil ɗin rumbun bayanai, kuma kowane ɗan rubutu Btrfs sabon wuri zai kai shi, har fayil ɗin ya tarwatse ya zama gutsattsari marasa adadi. A kan SSD abin yana da sauƙi, a kan faifai mai juyawa kuwa mutum zai ji a jikinsa. Maganin da aka saba shi ne a sa wa babban fayil ɗin (folda) da za a zuba su a ciki alamar chattr +C, wadda ke hana rubutu a sabon gurbi, tun yana fanko, amma duk abin da aka sa wa wannan alama ya rasa lambar tantancewa da matsewa, wato a daidai wurin ka koma irin zaman ext4, ka bar abin da aka ce ka zo dominsa.

Na biyu shi ne lissafin wurin da ya rage. Na taɓa kwana a kan wata sabar da ta cika, ina goge manyan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, adadin wurin da ya rage da umarnin df ke nunawa bai motsa ba ko kaɗan, domin tsofaffin hotunan yanayin da wanda ya riga ni a aikin ya sa ana ɗauka kullum, ba tare da ya sa ana share su ba, suna riƙe da duk abin da nake gogewa. Laifin ba na Btrfs ba ne, ya yi abin da aka umarce shi, amma a kan ext4 idan ka goge abu wuri yakan buɗe, kuma wanda ya saba da haka ba zai yi tunanin neman wani dalili ba da tsakar dare. Akwai ma yanayin da Btrfs zai ce babu wuri alhali akwai, saboda ya riga ya rarraba faifan gungu-gungu ga bayanai, bayanan tsari sun rasa inda za su faɗaɗa, sai an yi masa btrfs balance, umarnin da ke sake daidaita wannan rabo. An rage wannan matsala sosai a kenel na 'yan shekarun nan, amma ba na son sabon shiga ya fara jin labarinta a ranar da ta same shi.

Abin da ya fi riƙe ni a kan ext4 shi ne ranar gyara. Manhajar e2fsck da ke gyara ext4 ta gaji aikin fiye da shekara talatin tun zamanin ext2, kuma na sha ganin ta tsamo fayiloli daga faifan da aka fid da rai da shi. Takwararta ta Btrfs, wato btrfs check tare da umarnin gyara, littafin jagorarta da kansa yana gargaɗin kada a yi amfani da ita sai da shawarar masani. RAID 5 da RAID 6 na Btrfs ma, wato hanyoyin haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, har yau masu shi ba su ce a dogara da su ba, ko da yake wannan bai shafi laftof mai faifai ɗaya ba.

Don adalci, shi ma ext4 bai zo duniya da haƙora ba. An ayyana shi a matsayin tsayayye a kenel 2.6.28 a watan Disambar 2008, kuma a farkon 2009 masu gwada Ubuntu 9.04 suka riƙa tarar da fayilolin saitinsu sun koma fanko bayan kwamfuta ta tsaya ba zato, saboda jinkirin da ext4 ke yi kafin ya ware wa sabon rubutu gurbi. An yi doguwar muhawara tsakanin Theodore Ts'o, mai kula da ext4, da masu rubuta manhajoji a kan wa ke da laifi, kafin a sa gyara a kenel 2.6.30. Duk da haka Fedora 11 ta ɗauke shi a watan Yunin 2009, Ubuntu 9.10 ta biyo a watan Oktoba, Debian kuwa sai a siga ta 7 a 2013. Ka ga ke nan ba sabon abu ba ne Fedora ta yi gaba Debian ta tsaya tana kallo.

Ɗan Koyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, hankalina ya kwanta a kan tsohuwar kwamfutar. Wani abu ya zo mini a rai yanzu: idan na shirya ɗaukar hotunan yanayi kullum, shin hakan ya wadatar da ni daga kwafe kayana zuwa faifan waje? Sannan na sha jin ana yabon wani tsarin fayil mai suna ZFS da waɗannan siffofi da aka lissafa wa Btrfs, har wasu na cewa ya fi shi ƙwari. Idan haka ne, me ya hana a mai da shi zaɓin farko?

Ɗan BSD ya amsa:

Ɗan'uwa, bai wadatar ba ko kusa. Hoton yanayi a kan faifan da yake ɗauka yake zaune, don haka yana cetonka daga kuskuren hannunka ko sabuntawar da ta ɓaci, amma idan faifan ya mutu ko laftof ɗin ta ɓace, da asali da hoto tare za su tafi. Ita ma lambar tantancewa, a kan faifai ɗaya gano ɓarna kawai take yi a cikin fayilolinka, ba ta da kwafi na biyu da za ta gyara da shi. Amfanin hoton a nan shi ne yana sauƙaƙa kwafin, domin da btrfs send da btrfs receive za ka iya tura bambancin da ke tsakanin hoton jiya da na yau kaɗai zuwa faifan waje, muddin shi ma Btrfs ne a kansa.

Batun ZFS kuwa na lasisi ne kafin ya zama na fasaha. Sun Microsystems ta sake shi a 2005 a ƙarƙashin lasisin CDDL, kenel ɗin Linux kuwa GPL yake bi, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ba a haɗa su a rarraba a matsayin abu ɗaya. Saboda haka ZFS a wajen kenel yake zaune, duk sanda sabon kenel ya fito sai masu OpenZFS sun bi shi da gyara, kuma manhaja irin Fedora da ke sauya kenel kusan kowane wata biyu ko uku ba za ta ɗora tashin kwamfutar jama'a a kan abin da zai iya makara ba. Canonical, mai yin Ubuntu, ta ɗauki wata fahimtar ta daban, ta sa shi a Ubuntu 16.04, ta kuma ƙara shi a manhajar girkawa ta 19.10 a matsayin gwaji, amma ko ita ba ta mai da shi zaɓin farko ba. A FreeBSD, wadda ba kenel ɗin Linux take amfani da shi ba, babu wannan shamaki. ZFS ya shigo tun siga ta 7.0 a 2008, manhajar girkawa ta fara shimfiɗa tushen kwamfuta a kansa tun 10.0 a 2014, kuma da bectl mutum kan ajiye yanayin tsarinsa kafin ɗaukakawa ya koma idan bai gamsu ba, kusan abin da Snapper ke yi wa openSUSE. 'Yan OpenBSD kuma hanyarsu daban ce: babban sauyin da suka yi a siga ta 6.7 a 2020 shi ne matsawa daga tsarin fayil na FFS zuwa FFS2, jikan tsarin da aka ƙirƙira a Berkeley tun farkon shekarun 1980.

Zan ƙara wani abu a kan maganar Malam Tsohon Hannu game da masu kula, domin tarihi ya ba shi gaskiya sau biyu. ReiserFS shi ne zaɓin farko na SUSE na shekaru, har ta koma ext3 a 2006. Masu kula da shi suka yi ta raguwa, aka sa masa alamar ritaya a 2022, aka cire shi daga kenel 6.13 a farkon 2025, kuma wanda ke da tsohon faifai a kansa yanzu sai ya nemi tsohon kenel kafin ya karanta kayansa. Na biyu shi ne bcachefs na Kent Overstreet, wanda ya shiga kenel 6.7 a watan Janairun 2024 ana sa masa rai sosai, amma saɓani a kan ƙa'idar aiki tsakanin marubucinsa da Linus Torvalds, jagoran kenel ɗin Linux, ya kai ga fitar da shi a 2025, ya koma zaman waje irin na ZFS. Da wata babbar manhaja ta yi gaggawar mai da shi zaɓin farko, da yanzu tana da dubban faifan jama'a da za ta san yadda za ta yi da su. Btrfs ya shiga kenel a 2009, sai da ya shekara goma sha ɗaya kafin Fedora ta ba shi laftof ɗin mutane.

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Malama Mai Gadin Sabar ta yi gaskiya a kan kwamfutocin kwaikwayo, na tsallake su, kuma na karɓi gyara. Duk da haka ban sauya shawara ba, domin hotunan shekaru da rubuce-rubucen aiki su ne irin kayan da kan lalace shiru a daɗe ba a buɗe su ba, kuma a nan ne lambar tantancewa ke biyan wahalarta. Game da ranar gyara, abin da zan ce shi ne wanda ke da kwafi a faifan waje ba ya dogara da e2fsck ko btrfs check, wanda ba shi da shi kuwa yana cikin haɗari a kan kowane tsari.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka bar Debian a kan ext4 ɗinta, kada ka gwada btrfs-convert a kan faifan da ke riƙe da kayanka. A sabuwar laftof, ka buɗe babban fayil na musamman domin kwamfutocin kwaikwayon, ka sa masa chattr +C kafin ka kwafo su, domin alamar ba ta aiki a kan fayil ɗin da ya riga ya ƙunshi bayanai. Idan kana son sanin wurin da ya rage, ka tambayi btrfs filesystem usage maimakon df. Idan ka shirya ɗaukar hotunan yanayi, ka shirya share tsofaffin a rana ɗaya, don kada abin da ya sami Malama ya same ka. Da a ce XFS ka zaɓa, da na gargaɗe ka cewa ba a rage girmansa bayan an shimfiɗa shi; ext4 ana rage shi idan an sauke shi, Btrfs kuwa ana rage shi yana cikin aiki, wanda zai yi maka amfani idan wata rana ka so ka yanka wa wata manhajar wuri a gefe.

Sau ɗaya a wata ka kunna btrfs scrub, zai bi faifan duka yana gwada kowane guntu da lambarsa. Idan ya kawo maka rahoton kurakurai a kan sabuwar laftof, kada ka yi saurin zargin Btrfs ko faifan. Ka fara gwada RAM ɗinka da Memtest86+ na dare ɗaya, domin bayanin da ya gurɓata a RAM kafin ya sauka a faifai shi ma yana iya haifar da irin wannan rahoto, kuma sake girkawa da ext4 ba zai warkar da shi ba, ɓoye maka shi kawai zai yi.